Dutsen Alli a Bakin Teku

Assalamu alaikum mutanen Kano. Allah ya sa kuna jin muryata, don iskar nan neman ƙwace wayar take yi daga hannuna. Hula kuwa tuni na cusa ta a aljihu, da ƙyar na cafke ta ɗazu.

Sunan wurin nan Seven Sisters, a kudancin Ingila, tsakanin Seaford da Eastbourne. Daga Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Brighton, na kama bas mai lamba 12, na sauka kusa da kogin Cuckmere, sai tafiyar ƙasa har teku. Shiga ko sisi ba a biya.

To ku kalli farin bangon nan da ya miƙe a kan ruwa. Ba fenti aka shafa masa ba, ba kuma ƙanƙara ba ce. Alli ne. Eh, alli dai, wanda malam ke aiken monita ya karɓo a ofishin hedimasta. Ga guntu na tsinta, bari in gwada a kan baƙin dutsen nan. K, A, N, O. Kun gani? Masana sun ce ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne, da ido ba ya gani, suka yi ta taruwa a ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi. Ikon Allah sai kallo.

Tuddai ne a jere, ka hau ka gangara, ka sake hawa. Ni da nake cika baki ina hawan Dala ba tsayawa, a na uku na zube ina haki, wata tsohuwa da karenta suka wuce ni ko a jikinta. Can gaba akwai Beachy Head, mita 162, duk Birtaniya babu dutsen alli na bakin teku da ya kai shi tsawo. Yau dai na yafe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, farin nan da muke ta yabo, rushewa ce ke kawo shi. Teku na cin gindin dutsen, ruwan sama na bin tsaguwa, sai wani yanki ya rufto, sabon fari fat ya bayyana. Kuma ba a gina masa katangar kariya ba, an bar teku ta yi aikinta. Hasumiyar Belle Tout, wadda a da take haska wa jiragen ruwa hanya, a 1999 sai da aka ja ta baya ɗungurungum, mita 17, don kar ta faɗa. A Birling Gap ma, wani ɗan ƙauye da ke nan kusa, an rushe wasu gidajen da bakin dutsen ya cim ma. Sai na tuna badalarmu. Ita in damina ta ci gefenta, ba sabon fari ake gani ba, sai ka wayi gari wani ya aza bulo.

Umma, na san za a nuna miki wannan. Kin ce kar in kusanci ruwa, to ga shi, taku ashirin ne tsakanina da baki. Waɗancan yaran ne ke zaune suna lilo da ƙafa saboda hoto, alhali ƙasan da suke kai zai iya zama rami. Gabana ma faɗuwa yake.

La'asar ta yi, bari in nemi alƙibla a waya in shimfiɗa rigar sanyi a kan ciyawa, in iskar ta bar ni.