Simon Milward: Mai Babur Ɗin da Ya Rasu a Hanyar Kayes

A watan Maris na 2005, kusa da garin Kayes a yammacin Mali, wani Bature ya yi hatsarin babur, rai ya yi halinsa. Sunansa Simon Milward, ɗan Ingila, yana da shekara 40. Babur ɗinsa ba na kanti ba ne, haɗin hannu ne da aka ɗora wa injin Rotax, kuma shekara biyar ke nan yana zaga duniya a kansa.

Me ya kai shi can?

An haife shi a 1965 a yankin Devon. Ya daɗe a birnin Brussels yana babban sakataren FEMA, ƙungiyar da ke kare haƙƙin masu babura a Turai. Ya ajiye kujerar, a farkon 2000 ya hau hanya, yana tara gudummawa domin ƙungiyar likitoci ta MSF da kuma Riders for Health.

Ku riƙe sunan nan na biyu, domin a nan labarin yake. Barry da Andrea Coleman ne suka kafa ta tare da ɗan tseren babur Randy Mamola, bayan an ga wani abin takaici a Somaliya: baburan da aka bayar domin aikin lafiya suna jibge, sun mutu tun ba su tsufa ba. Ba wata gagarumar matsala ce ta kashe su ba. Ba a sauya baƙin mai, ba a ɗaure sarƙa, fulogi ya ƙone babu na canji. Duk wanda ya taɓa yin acaɓa ya san zancen: babur kamar doki ne, in ba ka ba shi dusa ba, ranar tafiya zai bar ka a daji. To, yaya in wadda aka bari a dajin ungozoma ce, ga mace can tana naƙuda?

Maganinsu shi ne a koya wa ma'aikacin lafiya tuƙi, a koya masa duba babur kowace safiya, bakanike ya riƙa zuwa a kan lokaci, a canza kaya tun ba su lalace ba.

Da Simon ya isa Indonesiya, sai ya tarar da irin wannan matsala a tsibirin Flores: ƙauyuka cikin duwatsu, hanya mota ba ta iya shiga. A 2002 ya haɗa hannu da wani ɗan ƙasar, Willy Balawala, suka kafa shirin ƙananan babura domin ma'aikatan lafiya su riƙa kai allurar rigakafi da awon ciki har ƙofar gida. A ganina, wannan ya fi zagayen duniyar nauyi nesa ba kusa ba. Masu yawon duniya da babur suna da yawa, amma kaɗan ne ke tsayawa su tambayi wa zai sayi taya bayan sun wuce.

Daga baya ya shigo Afirka, bai kuma koma gida ba. Bayan rasuwarsa danginsa da abokansa suka kafa ƙungiyar agaji mai suna Motorcycle Outreach, domin kada baburan Flores su tsaya.