Anini Biyu a Haikali: Wa Ya Gane Ɗan Dawuda?

Mai gabatarwa: Salama a gare ku masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Daga Gombe muke magana, hunturu ya fara busowa, don haka in kun ji muryar Baba ta ɗan dishe, ƙura ce. Tare da ni akwai Baba Fasto, wanda ya daɗe yana hidima a ƙasar Tangale kafin ya huta, da Mama daga Zumuntar Mata. Baba, Mama, sannunku da zuwa.

Baba Fasto: Yauwa ɗana, sannu dai. Ya iyali?

Mama: Sai godiya. Amma muryar Baba ba ƙura ba ce, shayi mai zafi ya hana kansa.

Mai gabatarwa: To, za a kawo. Kaka ta yi, majami'u daga Billiri zuwa Kaltungo har nan cikin gari suna ta baikon godiya, ga damin dawa, ga buhun masara da wake a gaban bagade. Kuma duk shekara sai an karanta labarin gwauruwar nan da ta saka anini biyu a wurin baikon Haikali, Markus 12 daga aya 41. Baba, zan faɗi abin da ke raina kai tsaye. Ni akawu ne, na kuma taɓa riƙe littafin kuɗin ikilisiya. Duk lokacin da na ji an buɗe wannan wurin, na san faranti na nan tafe a baya. Har na fara jin tsoron ayar.

Baba Fasto: Ba laifin ayar ba ne, laifin mai yanko ta ne. Koma baya kaɗan, aya 35. Me ka gani?

Mai gabatarwa: Yesu yana koyarwa a Haikali, yana tambaya yadda malaman Attaura ke cewa Almasihu ɗan Dawuda ne.

Baba Fasto: Madalla. A wannan yinin an yi ta jifansa da tambayoyi. Farisiyawa da mutanen Hirudus sun zo da batun harajin Kaisar, Sadukiyawa sun zo da matar da ta auri 'yan'uwa 7, wani malami ya tambayi umarni mafi girma. Da bakin kowa ya mutu, sai shi ya jefa tasa. Ya ɗauko Zabura 110, inda Dawuda ya ce, Ubangiji ya ce wa Ubangijina, zauna a damana. To, in Dawuda da kansa ya kira shi Ubangiji, ta yaya zai zama ɗansa? Ka san yadda muke a nan. Tsoho bai taɓa durƙusa wa jikansa yana ce masa ranka ya daɗe. Dawuda ya yi mulki kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Yesu, amma ga shi yana girmama wanda zai fito daga tsatsonsa.

Mama: Kuma babu wanda ya amsa.

Baba Fasto: Matiyu 22 ya ce ba wanda ya iya ce masa uffan. Mutanen da suka haddace annabawa ne fa. Su ne aka tambaya a zamanin Hirudus inda za a haifi Almasihu, nan take suka ce Baitalami, suka kawo Mika 5. Daga Urushalima zuwa Baitalami bai wuce kilomita 10 ba, amma ba mu ji ko ɗayansu ya ɗaura takalmi ya bi masanan nan daga gabas ba. Sun san adireshin, ba su je gidan ba.

Mai gabatarwa: Me ya tare musu ido?

Baba Fasto: Sun riga sun ɗinka wa Almasihu riga tun bai zo ba. Sarki suke jira mai doki da takobi, wanda zai kori Romawa ya maido da gadon sarautar Dawuda, su kuma su zauna kusa da shi. Ishaya 53 na nan a hannunsu, bawan da aka raina, aka soke shi saboda laifofinmu, amma wannan bai yi musu daɗin karatu ba. Yesu bai musa cewa shi ɗan Dawuda ne ba. Cewa yake sunan ya yi masa kaɗan.

Mama: Baba, ku karanta musu Markus 12 har zuwa aya 40, ita nake jira.

Baba Fasto: Ke karanta, 'yata, taki ce.

Mama: Yesu ya ce a yi hankali da malaman da ke son yawo da manyan riguna, a gaishe su a kasuwa, a ba su wurin zama mai kyau a majami'a da wajen biki. Su ne masu cinye gidajen gwauraye, suna dogayen addu'o'i don ganin ido. Yana rufe baki sai ya je ya zauna yana fuskantar wurin saka baiko, sai ga gwauruwa. Ni gwauruwa ce, masu sauraro. Na san yadda ake cinye gida. Ba da makami ake zuwa ba. Da ta'aziyya ake zuwa, a zauna a kan tabarmarki, kafin a share makoki an fara tambayar takardar gona.

Mai gabatarwa: To, Mama, kun shigo layina ke nan. Akwai masanan da ke cewa Yesu ba yabon matar yake ba, kuka yake. Ga wadda aka talauta, ga ɗan abin da ya rage mata ya sake komawa aljihun tsarin da ya talauta ta. Kuma Markus sura 13 na buɗewa wani almajiri yana sha'awar duwatsun Haikalin, Yesu ya ce ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa. A shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe shi. Wato kuɗinta ya tafi ginin da bai ƙara fiye da kimanin shekara 40 a tsaye ba.

Mama: A'a, ɗana, nan kam ban bi ka ba. Kada ka ƙwace mata abin da ya rage. An ci gidanta, yanzu kuma kai za ka ce ba ta san abin da take yi ba? Anini biyu ne a hannunta, biyu. Da ta saka ɗaya ta riƙe ɗaya, wa zai zarge ta? Rabi ke nan, ya ninka ushiri sau 5. Ba wanda ya kira sunanta a lasifika, ba wanda ya riƙe mata faranti a hanci. Ba malaman ta ba wa ba, Allah ta ba wa. Ku masu ilimi kuna da wani irin tausayi da ke mai da talaka yaro.

Mai gabatarwa: Na karɓa, Mama.

Baba Fasto: Ku biyun kuna da gaskiya, kuma ba don in raba gardama na faɗa ba. Yesu ya hukunta masu karɓa, ya kuma girmama mai bayarwa, a zama guda. Kai akawu, yi mana lissafin kuɗin.

Mai gabatarwa: Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙodago na yini, kamar yadda muka gani a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20. Tsabar nan biyu tare kashi 1 ne cikin 64 na dinari. In yini awa 12 ne, ladan kimanin minti 11 ke nan. A littattafan Yahudawa an ce akwatunan baiko 13 ne masu baki kamar ƙaho, a farfajiyar da mata ke iya shiga. Tsabar ƙarfe ake zubawa, ba takarda, don haka mai kuɗi in ya juye jakarsa kowa sai ya waiwaya.

Baba Fasto: Mu mun ga anini da idonmu kafin a kawo naira a 1973, mai huda a tsakiya, 10 ke yin kobo. Ko yaro ka ba shi sai ya dube ka. Amma Yesu ya kira almajiransa musamman, ya ce ta fi su duka, domin su daga yalwarsu suka bayar, ita kuwa duk abin zamanta ta zuba. Abin da nake so ku riƙe shi ne lokacin. Makon Idin Ƙetarewa ne. Saura kwanaki kaɗan a gicciye shi. Ya tambayi malamai wane ne Almasihu, ba su da amsa. Sai ya nuna wata mata da ta ba da duka ba ta rage komai ba, a gidan da ke shirin kashe shi. Ni a ganina, a duk farfajiyar nan ita ce ta fi kama da abin da zai yi ranar Jumma'a.

Mai gabatarwa: Amma Baba, ba a ce ta gane shi ba. Ba a ma ce ta gan shi ba.

Baba Fasto: Ba a ce ba, ni ma ba zan ƙara wa Nassi gishiri ba. Shi ne ya gane ta. Amma duba waɗanda aka rubuta cewa sun gane shi. A Yariko, Markus 10, Bartimawas makaho ne ya yi ta ihu, Ɗan Dawuda ka ji tausayina, masu ido suna kwaɓarsa ya yi shiru. Da aka ce ana kiransa, ya yar da mayafinsa ya zabura. Mayafin maroƙi kuwa shi ne shimfiɗarsa, shi ne bargonsa. A surar nan dai wani mai arziki ya zo a guje, ya durƙusa, aka ce ya sayar da abin da yake da shi ya ba matalauta, ya juya da baƙin ciki.

Mama: Ga Hannatu kuma a Luka 2, ita ma gwauruwa, tsohuwa tukuf, ba ta rabuwa da Haikali, azumi da addu'a dare da rana. Yusufu da Maryamu sun shigo da jariri da 'yan tantabaru biyu ko kurciyoyi, hadayar da Littafin Firistoci 12 ya yarje wa wadda ba ta da halin ɗan rago. Wane firist zai ɗaga kai don masu kurciya? Amma wani adali mai suna Saminu ya karɓi yaron a hannu, Hannatu ta fita tana ba da labarinsa.

Baba Fasto: Ba wai talauci ke buɗe ido ba, kada a fahimce mu a karkace. Na ga matalauci mai rowa, na ga mai hannu da shuni mai sakin hannu. Yusufu na Arimatiya mai arziki ne, ya ba da sabon kabarinsa a ranar da almajirai suka watse. Abin da ke rufe ido shi ne abin da mutum ya damƙe yana tsoron kada Almasihu ya taɓa.

Mai gabatarwa: To mu sauko gida. Na taɓa zama a wani taron neman gudummawar gini, ba zan faɗi ko ina ba. Mai lasifika yana kiran kuɗi daga sama zuwa ƙasa, babban baƙo ya yi alkawari aka tafa har da ganga. Da aka iso kan ƙananan kuɗi sai ya ce sauran a zuba a kwano kawai. Wata shida bayan haka, abin da ke cikin kwanon ne ya sayi siminti. Alkawarin babban baƙon yana nan a littafina.

Mama: Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tun da mishan na SIM, ƙungiyar masu bishara daga ƙasashen waje, suka iso Kaltungo a 1917, har ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, har yau da ake tura masu bishara na EMS, reshen bishara na ECWA, ƙauyuka, ka tambayi kowace matar fasto me ya riƙe gidanta. Mudun dawa ne da ƙullin gishiri da itacen da mata ke ajiye mata a ƙofa.

Baba Fasto: Gidana shaida ne. Amma ga inda nake tsaya wa 'yan'uwana masu wa'azi. Bulus ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya a 2 Korantiyawa 8, ya ce cikin matsanancin talauci suka bayar har fiye da ƙarfinsu, su da kansu suka roƙa a karɓa. Kuɗin kuma na waye? Na matalautan Urushalima. A surar nan ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum ke da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba ya nufin wasu su huta wasu su ƙuntata. Dalilin da ya kafa shi ne aya 9: Almasihu mai arziki ne, ya zama matalauci dominku. Bai ce shuka dubu ka girbe miliyan ba. Mai gaya wa gwauruwa ta kawo kuɗin makarantar ɗanta don Allah ya ninka, ya koma ya karanta Markus 12 aya 40 da sunansa a ciki.

Mama: Kuma Maimaitawar Shari'a 14 ta ce ushirin shekara ta uku a tara shi a gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Da an bi wannan, matar nan ba za ta iso Haikali da anini biyu kaɗai a duniya ba.

Mai gabatarwa: To hatsin da ke gaban bagade wannan Lahadin, Mama, in ku ne dattawa?

Mama: Kafin a yi gwanjonsa, a ware na gwauraye da marayu, a kai musu da yamma ba da ganga ba. A Ayyukan Manzanni 6 mutum 7 aka zaɓa don wannan aikin kaɗai. Amma in gwauruwar ta zo da mudunta, a karɓa da hannu biyu. Kada wani ya ce mata bar shi Mama, ke ai ba ki da shi. An taɓa faɗa mini haka, na fi jin zafinsa a kan takardar gonar.

Mai gabatarwa: Kiran sunaye a lasifika fa, Baba? A daina?

Baba Fasto: Ni da na daina. Amma na zauna a majalisar dattawa, na san wani zai ce in ba a kira suna ba kuɗi ba ya fitowa, kuma rufin majami'a na yoyo.

Mai gabatarwa: Kuma gaskiya ne, Baba, littafin ya nuna.

Mama: Littafin da ke ɗauke da alkawarin babban baƙo?

Mai gabatarwa: Mama ta kama ni. Wannan gardamar sai mun gayyato ma'ajin wata ikilisiya ya kare kansa. Masu sauraro, ku aiko mana da yadda ake yi a wajenku. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, muna Markus 14, matar Betanya da turaren da aka yi wa kuɗi sama da dinari 300. Ga shayin Baba ya iso. Ku huta lafiya.