Ciwon daga ƙugu yake, ku daina yi wa sha-raɓa tsaga

Salamu alaikum mutanen Damagaram. Ga ni a Liyon ta Faransa, sanyi na neman cire mini kunne, amma ba shi ya ɓata mini rai ba. Hoto aka turo mini daga Zango: sha-raɓar wani baba, wanzami ya jera mata tsaga da ƙaho har ba wurin sa yatsa. Wai ƙafar ce ta mutu. Haba jama'a! Ƙafar nan ba ta da laifi, daga ƙugu aka ɗauke mata wuta.

Ku duba nan. Ƙashin ƙugu guda 5 ne, tsakaninsu akwai faifan guringuntsi. Na can ƙasa, wanda muke kira L5-S1, in ya ɓullo yakan danne saiwar jijiyar S1. Ita ke bin bayan cinya, ta sauka sha-raɓa, ta ƙare a gefen ƙafa da ƙaramin yatsa, kuma ita ke ba tsokar sha-raɓa umarni. Tsokar biyu ce: ta sama mai kai biyu da ta haye bayan gwiwa, sai shimfiɗaɗɗiya a ƙarƙashinta, duka sun haɗu a agara. Su ke ɗaga dunduniya su tunkuɗa jiki gaba. In saƙon ya yi rauni wata da watanni, taku ya gajarta, hawan duwatsun Birni ya gagara, da dare tsoka ta ɗaure.

Kuskuren da ke ba ni haushi shi ne a kwantar da mutum a ce ya tura hannun mai dubawa da ƙafa. Tsokar da ke ɗaga mutum sukutum, hannu ne zai auna ta? Ko ta raunana sai ta ture shi. Cire takalmi, dafa bango da yatsu biyu, tsaya da ƙafa ɗaya, gwiwa a miƙe, ka yi ɗage har ƙarshe ka sauko, kana ƙirgawa. Lafiyayyen matashi yakan kai 20 zuwa 25, tsoho bai kai nan ba, don haka da ɗaya ƙafarka za ka gwada. Sannan ari magwajin tela, ka auna kaurin ƙafafun biyu, santimita 10 ƙasa da ƙullin ƙashin da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. In mai ciwon ta gaza da santimita 2, ta rame. In kuwa ta kumbura ta yi zafi, ana tsoron gudan jini, kada a murza, a tafi likita a ranar. Wanda tafiya bisa dunduniya ce ta gagare shi, takalmi na suɓuce masa, wannan saiwar jijiyar L5 ce, ta saman S1.

Nan zama ɗaya wurin kine, wato mu masu gyaran jiki da motsa gaɓoɓi, bai kai Yuro 20 ba, kamar jaka 13, inshora ta biya mafi yawa. Duk injinan da muke da su, ɗagen nan dai muke sa masu ciwon. Iyayenmu mata da ke ɗauko ruwa cikin rairayi, ƙarfin ƙafarsu shi Turawa ke biyan kuɗi suna nema. Kai, na yi kewar rairayin nan wallahi.

Don ƙarfafa tsokar, fara ɗagen da ƙafa biyu, sau 10 zuwa 15, zubi 3, kwana ɗaya ka yi, kwana ɗaya ka huta. In ya yi sauƙi, hau da biyu ka sauko da mai ciwon kaɗai, a hankali, daƙiƙa 3. Tsokar ƙarƙashin kuwa a zaune ake kama ta: bidon ruwa na lita 5 bisa gwiwa, ka ɗaga dunduniya. In zafi ya ƙara gangarowa ƙasa, ka tsaya.

Ni ban yarda a miƙe maka ƙafa a lanƙwasa yatsu da ƙarfi ba, jijiyar ake ja, da dare za ka ji a jikinka. Allurar ɗuwawu wurin mai talla ma, in ta sauka ƙasa-ƙasa, babbar jijiyar take samu. Wanda kuma fitsari ya riƙe masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa biyu suka saki, wannan na tiyatar gaggawa ne, ko tsakar dare a ɗauke shi.

Bari in shiga ciki, hannuna ya sandare.