Akta Mai Yarfe Hannu: Hirarmu Kan Fina-finan Kungfu Na Barkwanci

Bala: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau fina-finan Chanis za mu taɓa, amma masu sa mutum ya riƙe ciki. Ina tare da Yaya Sani da Hadiza.

Sani: Ni fa tun daga bencin gidan kallo na san su. A fito daga kallo, kowane yaro ya murɗe hannu kamar kan maciji yana huci.

Hadiza: Yaya Sani, kai ma har da kai?

Sani: Har da ni! Na taɓa gwada tsalle daga kan katangar gidanmu. Sati biyu ina ɗingishi, ga kuma bulalar Baba.

Bala: To wannan hannun macijin ai daga fim ɗin Snake in the Eagle's Shadow ne, na 1978. Amma a koma baya kaɗan. Bruce Lee ya rasu a 1973, masu shirya fim a Hon Kon suka bazama neman magajinsa. Darakta Lo Wei ya ɗauko Jackie Chan, ya sa shi ɗaure fuska yana ɗaukar fansa. Fina-finan ba su karɓu ba.

Hadiza: Ai rigar ta yi masa yawa. Bruce ko a hoto ka ga idonsa sai gabanka ya faɗi. Shi kuwa Jackie fuskarsa ta ɗan maƙwabta ce, wanda ake aike ya tsaya wasa a hanya.

Sani: Abin da ya cece shi ke nan. Da aka ba da aronsa ga wani kamfani, Yuen Woo-ping ya ba da umarnin wannan fim ɗin na hannun maciji, aka bar Jackie ya zama kansa. Zai kai naushi ya yarfe hannu don zafi. Bos ya taso, ya ranta a na kare. Mu da muka saba akta ba ya ko gezau, sai ga akta yana ɓuya a ƙarƙashin tebur!

Bala: A shekarar 1978 ɗin dai suka sake da Drunken Master.

Hadiza: Nan ne ma suka yi ƙarfin hali. Wong Fei-hung fa mutum ne na gaske, mai maganin gargajiya kuma gwanin faɗa a kudancin Sin, wanda aka daɗe ana nuna shi a fim a matsayin dattijo mai kamala. Sai suka mai da shi gagararren saurayi da ubansa ya rasa yadda zai yi da shi.

Sani: Aka damƙa shi ga tsohon nan mai jan hanci da goran giya. Kun san mahaifin daraktan ne? Yuen Siu-tien.

Bala: Gado ke nan. Amma Yaya, wasu na cewa barkwancin ya rage wa faɗan daraja.

Sani: Ban yarda ba sam. Faɗuwar da za ta ba da dariya ta fi cin horo. Jackie da 'yan fim Sammo Hung da Yuen Biao makaranta ɗaya suka yi, ta wasan opera, wato wasan dandali na gargajiyar Sin, wurin malami Yu Jim-yuen. Jackie ya shiga yana ɗan shekara bakwai, ya yi shekara goma ana tashinsu tun asuba, ga sanda. Shi ya sa za ka ga ya ɗauki benci ko tsani yana juya shi kamar sun yi shawara.

Hadiza: Ni abin da ke ɗaure min kai, a Project A na 1983, da ya rataye a hannun agogon hasumiya ya faɗo ta cikin rumfuna. Da gaske ya faɗo.

Bala: Ai ya kwaikwayi Harold Lloyd ne, ɗan wasan barkwanci na Amurka, wanda ya rataye a agogo a fim tun 1923.

Sani: Shi ya sa ban taɓa tashi ba sai sunayen ƙarshen fim sun gama wucewa. A nan ake nuna inda aka yi kuskure, har ka ga an ɗauke shi ranga-ranga. Mai gidan kallo yana ta "a fita, a fita", mu kuwa ko motsi.

Hadiza: Kuma duk da ka gani da idonka, ka hau katanga.

Sani: Ai na ɗauka akwai rumfa a ƙasa, Hadiza. Ashe turmin Inna ne.