Kafin a Aza Harsashin Babban Asibiti, a Faɗa Mana Wa Zai Kwana a Cikinsa

Jama'a masu sauraro, akwai muhawarar da ke tashi a hedikwatar ƙananan hukumomi da dama na arewacin Najeriya da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa gwamnatin jiha ko wani ɗan majalisa zai gina babban asibiti. Nan take gari yake rabuwa. Wasu su ce a gina shi a bakin titi, wasu su ce a kusa da gidan hakimi, mutanen ƙauyuka su ce an mayar da su saniyar ware, masu gonaki kuma su shiga lissafin diyya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne, ana kwashe watanni ana wannan ja-in-ja, amma da wuya ka ji wanda ya miƙe a gaban taro ya tambaya likita nawa za a turo, kuma wa zai kasance a bakin aiki da ƙarfe biyun dare.

Masu cewa ba a buƙatar asibitin, wai a gyara ƙananan cibiyoyin lafiya kawai tunda birni ba shi da nisa, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Cibiyar lafiya ta matakin farko tana yin awo da rigakafi da karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi, amma ba ta yin tiyata kuma ba ta ajiye jini. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu, kuma a damina hanyar ƙauye kaɗai ta isa ta cinye waɗannan sa'o'in. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu sanadin ciki da haihuwa a duk duniya a Najeriya suke. Saboda haka a gina asibitin, wannan babu gardama.

To amma wa zai kwana a cikinsa? Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya irin waɗannan asibitoci ya san abin da nake nufi. Ga gini mai sabon fenti, ga allon da aka rubuta sunan wanda ya buɗe shi, amma ɗakin tiyata yana kulle da kwaɗo, firijin ajiye jini a kashe saboda babu wuta kuma janareta ba shi da mai. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo da ke aikin dare ta duba matar da ta kwana biyu tana naƙuda, ta san abin da ya kamata a yi mata, ta kuma san ba za a iya yi a nan ba, sai ta rubuta 'yar takarda ta ce a wuce birni. Daga nan miji ya fita cikin duhu yana neman motar haya da rancen kuɗin mai. Irin waɗannan takardu ne suke cika Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da mutanen da ya kamata a ce an yi musu aiki a garuruwansu.

Masu cewa a gina tukuna, ma'aikata za su biyo baya, ina za a samo su? Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja da manyan birane. Likitan da ba a tanadar masa gida da ruwa da wuta da albashi a kan kari ba, ba zai zauna a ƙaramin gari don an yi wa asibiti doguwar katanga ba. Kuma ɗan majalisar da ya gina asibiti a matsayin aikin mazaɓa ba shi ne zai biya albashi ba, nauyin gwamnatin jiha ne ta hannun hukumar kula da asibitoci, shekara bayan shekara. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma har yau gwamnatin tarayya ba ta cika wannan alkawari ba.

A dubi Jahun a Jihar Jigawa. Gari ne ƙarami, amma tun 2008 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki da babban asibitin garin a ɓangaren haihuwa da gyaran yoyon fitsari, mata ke zuwa daga nesa, saboda sun san in an kai su da tsakar dare za su tarar da mai yin tiyata, da mai sa barci, da jini. Ma'aikatan ne suka ja mutane zuwa Jahun.

Don haka ina kira ga hakimai da limamai da ƙungiyoyin ci gaban gari, ku ajiye rigimar fili na ɗan lokaci. Ku je wurin kwamishinan lafiya ku nemi a ba ku a rubuce adadin likitoci da ungozomomi da ma'aikatan gwaje-gwaje da za a turo, da inda za su zauna, da kuɗin wuta da magani da aka sanya a kasafin shekara mai zuwa. In an kasa ba ku wannan takarda, kada ku yarda a sa ranar aza harsashi.