Yadda ake raba sitaci da folisakaraid ɗin doya

Ku dubi farin abin da yake kwanciya a gindin kwalba bayan an zuba etanol a ruwan da aka tatso daga doya. Da yawa a nan suke auna shi su rubuta cewa sun samu folisakaraid ɗin doya, wato doguwar sarƙar sukarin da ake nema wadda ba sitaci ba, alhali mafi yawansa sitaci ne. Busasshiyar doya galibinta sitaci ce, etanol kuma ba ya zaɓe, duka yake kwantar da su. Gwajin fenol da salfurik asid, wanda ake auna yawan sukari da shi, ma haka, duk sukarin da ya tarar yake ƙirgawa.

Matsalar daga wuta take farawa. Ƙwayar sitaci ba ta narkewa a ruwan sanyi, amma da zarar zafi ya haura digiri 70 a ma'aunin Salsiyos sai ta kumbura ta fashe, ruwan ya yi kauri kamar koko. In folisakaraid ɗin da ke yauƙin doyar kuke nema, ku markaɗa ku jiƙa a ƙasa da digiri 50, ku juya a injin santirifuj, mai juyawa da gudu ya kwantar da abu mai nauyi, kamar minti 15. Sitacin zai kwanta, ku tsiyaye ruwan sama. Kun rage aiki sosai.

In kuwa da ruwan zafi kuka ciro, sai inzayim, wato furotin mai yanka sitacin. Ku daidaita pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, wajen 6, ku sa inzayim ɗin alfa-amiles mai jure zafi a digiri 90 zuwa 95. Kada ku bari ruwan ya huce ko ya kwana a firji kafin nan, domin sitacin da ya dahu ya sake sanyi yakan dunƙule, inzayim ya kasa cinsa.

Duk bayan minti 15 ku ɗebi ɗigo, ku bari ya huce, ku sa aidin, sinadarin da ke canza launi in ya haɗu da sitaci. Hucewar dole ce, launin ba ya bayyana a ruwa mai zafi. Shuɗi mai duhu, sitaci na nan. Ja-ja, ya fara yankewa.

To ga inda ake ruɗuwa. Ɓacewar launi ba ta nufin an gama. Alfa-amiles haɗin alfa-1,4 da ke miƙaƙƙiyar sarƙar sitaci kaɗai yake yankawa, ya bar haɗin alfa-1,6 inda sarƙar ta yi rassa. Guntayen da suka rage, wato dekstirin, aidin ba ya nuna su, amma etanol mai ƙarfi zai kwantar da su tare da kayanku. Saboda haka ku sauke zafi zuwa digiri 60, pH zuwa 4.5, ku ƙara inzayim ɗin gulukoamiles ya mayar da su gulukos zalla.

Daga nan ku tafasa, ku cire furotin da hanyar Sevag, kulorofom kashi 4 da butanol kashi 1, domin shi kansa inzayim ɗin furotin ne kuka zuba. Ku yi dayalisis, wato ku zuba ruwan a jakar tacewa da ke cikin ruwa don gulukos ya fita, jaka mai riƙe abin da nauyin ƙwayarsa ya haura dalton 3,500, na kwana 2 zuwa 3 kuna canza ruwa, sannan etanol ninki 4 ya kwana a digiri 4.

A kula da abu biyu. Inzayim marar tsabta yakan zo da wasu masu cin manan, wato folisakaraid ɗin da ke cikin yauƙin, ya lalata yauƙin da ake nema. Kuma in folisakaraid ɗin naku shi ma alfa-gulukan ne, wato sarƙar gulukos irin ta sitaci, amiles zai cinye shi, don haka ku raba ta bututun DEAE, mai rabawa bisa cajin lantarki, da tacewa bisa girman ƙwaya. Ko wacce hanya kuka bi, ku ajiye samfurin da ba a sa wa inzayim ba, ku kwatanta yawan gulukos ɗinsu.