Jan wardi a tsakar gida: inda za a ajiye shi da yadda za a shayar da shi

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan ɗan itacen da kuke gani a tukunya, wanda tsayinsa bai kai ƙugu ba amma ya cika da jajayen furanni, shi ne wardi. Da yawa daga cikinmu mun san ruwan wardi da turarensa tun kafin mu taɓa ganin itacen da idonmu. Da yawa kuma mun taɓa tsayawa wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, muka sayi guda, muka kai gida da murna, bayan wata biyu ganye ya zube ya bar mana sanda da ƙaya. Sai a ce ai wardi ba ya yi a ƙasar zafi. Yana yi. Abu biyu ne suka fi kashe shi a gidajenmu: wurin da aka ajiye shi, da yadda ake ba shi ruwa.

Bari mu fara daga Amurka, domin labarin wani irin wardi na can zai sauƙaƙa mana fahimtar sauran bayanin. A jihar Wisconsin akwai wani mutum mai suna William Radler, wanda ya fara kiwon wardi tun yana ɗan shekara 9. Abin da ya fi damunsa shi ne wata cuta da ke sa baƙaƙen ɗigo a ganye, ganyen ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya kaɗe. Maimakon ya riƙa fesa magani, sai ya ɗauki wata hanya dabam. Yakan tattara ganyen da suka kamu, ya niƙa su, ya barbaɗa wa sababbin irin da yake haɗawa, sannan ya watsa musu ruwa ta sama don ganyensu ya jiƙe. Wanda ya kamu ya cire shi, wanda ya tsira ya ci gaba da shi. A 1989 ya samu wani tsiro da cutar ta kasa kayarwa, aka fitar da shi kasuwa a shekarar 2000 da sunan Knock Out. Furensa ja ne, mai kunnuwa 5 zuwa 7, tsayinsa kamar mita ɗaya, kuma yana sake fure kusan duk bayan mako 5 ko 6. A 2020 aka fito da ƙaraminsa, Petite Knock Out, wanda kamfanin Meilland na Faransa ya haɗa, shi kuma bai wuce santimita 45 ba. Abin da Knock Out ya rasa shi ne ƙamshi. Wanda ke neman turare ba a nan zai same shi ba.

Ku riƙe abin da Radler ya yi a ranku. Da gangan ya jiƙa ganye don cuta ta kama. Ƙwayar cutar nan wani nau'in fumfuna ce, kuma sai ganye ya yi kamar awa 7 a jiƙe kafin ta samu shiga. To mu kuma fa? Muna ɗaukar bokiti da magariba mu sheƙa wa itacen ruwa daga sama, ya kwana jiƙe har asuba. Gwajin da shi ya shirya don tace masu ƙarfi, mu shi muke yi wa namu kowane dare ba tare da mun sani ba. Kuma wardin da ake samu a bakin titi galibi ba ya ɗauke da suna, ba ka da tabbacin yana da juriya irin ta wancan.

Saboda haka ruwa a gindi ake zuba shi, da sassafe. Ku duba yadda nake kai bakin buta har ƙasa, ina zubawa a hankali har sai ya ratsa. Shayarwa mai zurfi sau biyu ko uku a mako ta fi yayyafi na kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke ƙona ta. Kafin ka ƙara ruwa, cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ƙyale shi. Na tukunya kuwa, a watan Afrilu da Mayu, kullum zai sha. Ruwan wanki da na wanke-wanke kada ya kusance shi, sabulu da gishirin ciki suna taruwa a ƙasa su ƙona saiwa.

Sai maganar wuri. Wardi yana son rana ta aƙalla awa 6. Wannan ƙa'ida an yi ta ne a ƙasashen sanyi, inda ranar yamma ba ta da kaifi. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, za ka iya barinsa a fili wuni guda ya ji daɗinsa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ranar bayan azahar tana dafa furen, ya ƙanƙance, jansa ya koɗe. Nemi gefen gabas na gida, inda hantsi zai same shi tun fitowar rana, inuwa kuma ta rufe shi daga ƙarfe ɗaya ko biyu. Kada ka manna shi da katangar siminti mai kallon yamma, domin tana riƙe zafi ta riƙa huro masa har dare. Kada kuma ka sa shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, saiwarsu za ta ƙwace masa ruwa da abinci. A bar masa sarari iska ta riƙa ratsa shi: tsakanin wannan da wancan kamar mita ɗaya, ƙananan iri kuma rabin haka.

Wajen saye, ni ban cika kallon fure ba. Ina duba rassa ne, a ce akwai uku masu kauri da kore, da ganye mai tsabta har bayansa. Yawancin wardi ɗan aure ne, kamar mangwaro ɗan aure, za ka ga ƙulli a gindi inda aka haɗa. Duk reshen da ya fito daga ƙasan ƙullin nan na uwar gindi ne, ba na wardinka ba. Cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba ya rinjayi na sama, wata rana ka tarar da itace mai ƙaya da ba ya ba ka jan furen da ka saya.

Ramin dashe ya ninka faɗin ledar da aka kawo shi a ciki, zurfinsa kuma daidai da ita. Haɗin da nake yi shi ne kashi biyu na ƙasar sama, kashi ɗaya na kashin shanu da ya ruɓe ya zama baƙi ba wari, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa. Ɗanyen taki, musamman na kaji, ƙona saiwa yake, kuma ɗanyen kashin shanu yana gayyato gara. In ƙasarka mai danƙo ce, ruwa na kwanciya da damina, ɗaga wurin ya yi tudu kamar kunya. In tukunya ce, ta ƙasa ta fi baƙar roba sanyi. Faɗinta ya kai santimita 40, a huda mata gindi. Lokacin da ya fi dacewa da dashe shi ne ƙarshen damina, ƙasa da sauran danshi, sanyi na tafe. Dashen bazara wahala ce ga itacen da mai shi.

Wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne zuba toka. Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wadda ke tsakanin 6 da 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, toka kuwa kanwa-kanwa ce. In ta yi yawa za ka ga sabon ganye ya yi fari-fari, jijiyoyinsa kawai suka rage kore, alamar itacen ya kasa jan sinadarin ƙarfe ke nan. Takin zamani kuma, irin NPK 15-15-15, a jira sai ya yi furen farko. Cokali ɗaya ya isa, a zagaya da shi nesa da gindi kamar tafin hannu, a bi da ruwa. Bayan mako 6 a maimaita, amma a tsakiyar bazara a dakata.

Yanzu aski, wanda mutane suka fi jin tsoro. A Amurka a ƙarshen sanyi suke yi, su sare Knock Out ya koma kamar santimita 30, kafin shekara ta ƙare ya ninka uku. A Indiya, wadda yanayinta ya fi kama da namu, a Oktoba zuwa Nuwamba suke yi, don fure ya zo da sanyi. Wannan na biyun nake bi, sai dai ba na sare shi ƙasa sosai, kashi ɗaya cikin uku nake ragewa. Fara da busassun rassa, da waɗanda suka gitta juna, da sirara marasa ƙarfi. Sannan ka nemi ido a jikin reshe, wanda ke kallon waje, ka yanke sama da shi kaɗan a karkace. Almakashin ya zama mai kaifi da tsabta, ka kuma sa safar hannu.

Da hunturu, iska ta bushe, cutar baƙin ɗigo takan yi sauƙi, sai wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo su kama bayan ganye. Su da darɓar da ke taruwa a kan sabon toho, ruwa mai ƙarfi da sassafe yana kakkaɓe su, kuma rana za ta busar da ganyen cikin ɗan lokaci. Nan kaɗai nake yarda a jiƙa shi. In sun dage, ruwan jiƙon 'ya'yan darbejiya da aka daka yana taimakawa. Da damina kuwa, duk ganyen da ka ga ya yi ɗigo, tsinke shi, ka tsince na ƙasa, ka fitar da su daga gidan gaba ɗaya, kada ka zuba su cikin taki.

Mai akuya a gida kuma ya kewaye shi da waya tun ranar dashe. Ƙaya ba ta hana akuya, kuma sabon tohon nan mai ja-ja, wanda furen zai fito a kansa, shi take fara ci.